Tabo a hantar maigidana: likita ya ce a jira, dangi sun ce a fasa

Wasiƙar da ta zo:

"Assalamu alaikum. Maigidana ɗan shekara 41 ne. Watanni biyu da suka wuce aka yi masa hoton ciki saboda ciwon ƙoda, sai aka ga wata jaka a hantarsa, faɗinta kusan santimita shida. Likita ya ce jakar tsutsa ce irin wadda ake samu daga karnuka, kuma da ma maigidan ya tashi yana kiwon tumaki tare da karnuka. Ya ce jikin jakar ya yi tauri, tabo ya zagaye ta, abin da ke ciki ya bushe, saboda haka ba magani ba tiyata, mu dawo bayan wata shida a sake dubawa. Tun da na ji kalmar tabo hankalina ya tashi, domin mahaifinsa ciwon hanta ne ya yi ajalinsa, shi ma tabo aka ce, cikinsa ya kumbura idanunsa suka yi ɗorawa. Yayansa ya dage sai mun nemi wanda zai zuƙe ruwan da allura, ko a yanke ta a huta. Na duba intanet na ga wai wannan tsutsar tana cin hanta kamar ciwon daji. Yanzu har kwanonsa na ware saboda yara, ya lura, kuma abin ya ɓata masa rai. Likitan nan sakaci yake yi ko gaskiya ya faɗa? Me zan yi?"

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya jiƙan surukinki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka ban ga laifinki ba da kalmar tabo ta firgita ki. Amma kama da wane ba ta wane. Tabon da aka gani a hantar mijinki da wanda ya kwantar da mahaifinsa suna kawai suka haɗa, kuma a kan wannan bambancin zan fi daɗewa, domin in kin gane shi sauran tambayoyinki za su warware da kansu.

Bari mu fara da ita tsutsar. Dangin tsila ce, likitoci na kiranta Ekinokokas, jakar da take yi kuma haidatid. Sai dai ba irin tsilar da aka saba ji ba ce, mai tsawo kamar igiya, wadda mutum ke samu daga naman shanun da bai dahu ba ta zauna masa a hanji. Wannan ƙarama ce ƙwarai, babbarta ba ta wuce 'yan milimita ba, kuma a hanjin kare take rayuwa. Kare ɗaya kan ɗauki dubbanta yana yawonsa lafiya lau. Ƙwayayenta na fita cikin kashinsa, su maƙale a gashinsa, su zube a ƙasa da ciyawa da ruwa, kuma suna iya yin watanni da ransu inda akwai sanyi da danshi. Tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi su haɗiye su wajen kiwo, jaka ta fito musu a hanta ko huhu. Ranar da aka yanka dabbar aka jefa wa kare wannan kayan cikin ɗanye, sai tsutsa ta sake girma a hanjinsa. Haka abin ke juyawa tsakanin kare da dabbar kiwo. Mutum tsautsayi ne ke jefa shi a tsakiya: yaro ya shafa kare, ya kai hannu baki, shi ke nan.

Ƙwan da aka haɗiye yana ƙyanƙyashewa a ƙaramin hanji, ɗan tayin ya huda bangon hanjin ya faɗa jini. Jinin da ke tasowa daga hanji kuwa hanta yake fara bi, ita ce ke fara tace shi, shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan jakunkuna a hanta ake samunsu, huhu ya biyo baya da kusan kashi 20. Jakar tana girma a hankali ƙwarai, mutum ya yi shekara goma ko ashirin bai san da ita ba. Ina kyautata zaton ta mijinki tun zamanin kiwon nan take tare da shi. Ya yi aure da ita, ya haifi yara da ita, yana ta harkokinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutane sama da miliyan ɗaya ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kuma da yawa haka ake gano tasu, an je neman wani abu daban.

To, yanzu ga maganar tabo. Jakar nan bango uku gare ta. Na can ciki siriri ne, shi ne mai rai, shi ke samar da ruwan da ƙananan kawunan tsutsa masu yawo a cikinsa. Na tsakiya fari ne mai santsi, tsutsar ce ta saƙa shi don ya kare ta daga garkuwar jikin mutum. Na waje kuwa, wanda likita ya kira tabo, ba na tsutsar ba ne sam. Jikin mijinki ne ya gina shi. Lokacin da garkuwar jiki ta tarar da baƙon da ya fi ƙarfin a haɗiye shi ko a narkar da shi, sai ta koma ga dabara ta biyu, wato ta killace shi. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikin hanta da ke zaune shiru suna ajiyar sinadarin bitamin A, amma da zarar an ji rauni sai su farka su shiga fitar da wani zare mai tauri da ake kira kolajin, irin wanda ke haɗe fatar da ta yanke. Da wannan zaren suke yi wa jakar katanga, shekara bayan shekara tana ƙara kauri. In jiki ya yi rinjaye, ruwan ciki ya ƙafe, bangon mai rai ya yamutse ya mutu, abin da ya rage ya dunƙule, daga baya sinadarin kalsiyam ya zauna a katangar ta yi tauri kamar ƙwanson ƙwai.

Abin da kika kwatanta ke nan. Wato yaƙi aka yi a cikin mijinki shekara da shekaru ba da saninsa ba, kuma alamu sun nuna jikinsa ne ya ci. Tabon da kike jin tsoro shi ne kurkukun da aka kulle ɓarawo a ciki.

Na mahaifinsa wani abu ne daban. A can, ciwo ne ke cin hanta gaba ɗayanta tsawon shekaru, galibi ƙwayar cutar hefataitis B ko C, ko giya, ko kitsen da ya taru a hanta. Zaren kolajin ɗin sai ya bazu ko'ina kamar saƙar gizo, ya yayyanka naman hantar gunduwa-gunduwa, ya shaƙe hanyoyin jini, har ta ƙandare ta kasa aikinta. Daga nan ne ruwa ke taruwa a ciki, idanu su sauya launi. A wurin mijinki kuwa zobe ɗaya ne a wuri ɗaya, sauran hantar tana nan da lafiyarta. Kuma hanta gaɓa ce mai yalwa: likitocin fiɗa kan yanke fiye da rabin lafiyayyar hanta, ragowar ta riƙe mutum, ta kuma sake tofowa. Wuri mai faɗin santimita shida da aka killace ba zai hana ta aiki ba, matuƙar bai danne wata babbar hanya ba.

Abin da kika karanta a intanet kuwa ba ƙarya ba ne, amma labarin 'yar'uwar wannan tsutsar ne. Akwai wata Ekinokokas ta biyu da ke juyawa tsakanin yanyawa da ƙananan ɓerayen daji, a arewacin duniya take: tsakiyar Turai, Rasha, tsakiyar Asiya, yammacin ƙasar Sin inda mafi yawan masu ita suke, arewacin Japan, Alaska da Kanada. Ita ba ta yin jaka ɗaya mai iyaka. Ƙananan kumfa take yi barkatai, tana kutsawa cikin naman hanta kamar saiwar bishiya, har ta tsallaka zuwa huhu ko ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake kwatanta ta da ciwon daji. Takan yi shekara 5 zuwa 15 kafin ta bayyana, kuma in ba a yi magani ba, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita ba sa wuce shekara 10 zuwa 15. A wannan cutar ce maganar tabo ta zama takobi mai kaifi biyu, kuma ni abin yana ba ni mamaki duk lokacin da na tuna shi. Jiki yana bin tsutsar da katanga, ita tana zillewa ta gefe, ya sake ginawa, ta sake zillewa, har tabon ya yi yawan da shi kansa ke matse hanyoyin ruwan madaciya da jijiyoyin jini, ya kuma hana magani isa inda ake so. Abin da aka gina don kariya sai ya koma cikin abin da ke kashewa. Duk da haka, ko a wannan muguwar cutar, an gano a Alaska a shekarun 1980 cewa akwai mutanen da jikinsu ya kashe ta tun tana ƙarama, ba abin da ya rage sai ɗan dunƙule mai tauri a hoto. Sannan an lura cewa a jikin waɗanda garkuwarsu ta raunana, kamar masu cutar ƙanjamau da waɗanda aka yi wa dashen gaɓa, tsutsar tana gudu da sauri fiye da yadda aka saba. Wannan ya nuna miki girman aikin da katangar nan take yi. Nau'o'in biyu galibi ba sa kama da juna a hoto, kuma jaka ɗaya zagayayya mai bango, a jikin mutumin da ya tashi cikin tumaki da karnuka, siffar ta farkon ce. In dai maigida ya taɓa zama a ɗaya daga cikin yankunan da na ambata, ya gaya wa likita. In bai taɓa ba, ki rufe wannan shafin na intanet ki huta.

Shin likita sakaci ya yi? A'a, bisa abin da kika rubuto. Jira da sa ido ɗaya ne daga cikin hanyoyi huɗu da aka amince da su wajen wannan cuta, sauran ukun su ne tiyata, da zuƙewa da allura, da ƙwayar maganin tsutsa mai suna albendazol. Abin da ke zaɓar hanya shi ne matakin da jakar take. Tun 2003 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya suka tsara matakan yadda suke fitowa a hoto, daga CE1 zuwa CE5. Na ɗaya da na biyu masu rai ne, na uku yana tsakani, na huɗu da na biyar kuwa sun lafa. Waɗanda suka lafa da kansu, ba tare da sun jawo wata matsala ba, barinsu ake yi ana leƙawa, kuma mafi yawansu haka suke zama har abada.

A nan zan ba ki aiki guda. Ku koma, ko ku kira, ku tambayi likita kai tsaye: wane mataki ce, CE nawa? Ya rubuta muku a takarda. Dalilina shi ne taurin bango shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa tsutsa ta mutu, akan sami jaka mai taurin bango da sauran rai a ciki. Abin da ke cikin jakar shi ne hujja, kuma tun da ya ce ya bushe, ina sa ran zai ce huɗu ko biyar. In ya yi shakka, akwai hoton da ya fi na farko zurfi, kuma neman ra'ayin likita na biyu wanda ya saba da ciwon hanta ba raini ba ne ga na farko. Kada kuma gwajin jini ya ruɗe ku: a jakar da ta lafa yakan nuna babu komai, wani lokaci kuma ya ci gaba da nuna akwai shekaru bayan ta mutu. Hoto ne alƙali.

Sai maganar Yaya. Na san ƙauna ce ta sa shi dagewa, mutumin da ya binne mahaifinsa ba zai so ya zauna ya naɗe hannu a kan ƙaninsa ba. Amma shawararsa ita ce mafi haɗari a duk abin da ke cikin wasiƙarki. Ruwan jakar haidatid mai rai, in ya zube cikin jiki, yana iya tayar da borin jini mai tsanani nan take, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi, a rasa mutum cikin mintuna. In ma an tsallake wannan, kowane ɗan kan tsutsa da ya tsere yana iya zama sabuwar jaka a cikin ciki, a wayi gari ɗaya ta zama goma. Gaskiya ne akwai zuƙewa da allura a asibiti, amma aiki ne mai sharuɗɗa: ana kallon allurar a hoto, an riga an fara ba da albendazol, an tanadi maganin borin jini a gefe, a zuƙe ruwan, a zuba abin da zai kashe tsutsar, a sake zuƙewa. Kuma jaka mai ruwa ake yi wa, ba wadda ta bushe ba. A ta mijinki me za a zuƙo? Ba abin da allura za ta ƙara sai hanyar da ƙwayoyin cuta za su bi su shiga wurin da yake a rufe. Tiyata ma haka: yanka hanta ba wasa ba ne, akwai zubar jini, akwai yoyon ruwan madaciya, akwai ruɓar ciwo. Ana ɗaukar wannan kasadar ne in jakar ta fi tiyatar haɗari. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Albendazol kuma kada wani ya sayo masa ya ce ya riƙa sha don "ko da akwai saura". A wannan cutar watanni ake yi ana shansa, yana iya taɓa ita hantar da ake son karewa, yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake haɗa shi da gwajin jini a kai a kai. Ga jakar da ta riga ta mutu ba shi da abin kashewa. Haka duk wani haɗi da ake tallatawa da sunan wanke hanta ko narkar da tabo. Ko da a ce akwai mai narkar da shi, wannan tabon ba wanda ake so ya narke ba ne.

Yadda za ki bi da Yaya: kada ki yi jayayya da shi, ba ke ce za ki ci wannan gardamar ba. Ki sa maigida ya gayyace shi su je wurin likita tare, ya yi tambayoyinsa da bakinsa, a nuna masa hoton. Sannan ku ba shi aikin da ya dace da damuwarsa, ga shi kuwa akwai. Tun da mahaifinsu ciwon hanta ne ya ɗauke shi, ya kamata shi da maigida da duk 'yan'uwansu su yi gwajin hefataitis B da C, musamman B da ke bin gida, ana ɗaukarsa tun ana jarirai ko yara, ya yi shiru shekaru da yawa yana aikinsa. Ke ma ki yi, yaran ma a duba ko sun sami rigakafinsa. Ni a wurina wannan gwajin ya fi jakar nan gaggawa nesa ba kusa ba, domin shi ne zai gaya muku ko irin tabon da kuke tsoro yana hanya, kuma in an gano da wuri akwai magani. Haka kuma duk wanda ya yi kiwon nan tare da maigida, ya yi wasa da karnukan nan, yana da kyau a yi masa hoton ciki sau ɗaya. Shi Yayan ma yana ciki.

Jiran da likita ya ce ba mantuwa ba ce. Ku koma a wata shidan nan ko da maigida yana jin garau, ku ci gaba da komawa yadda aka tsara, abin yakan ɗauki shekaru, biyar ko fiye. Ku adana kowane hoto da rahotonsa wuri ɗaya don a riƙa gwada girma da girma. In wata rana za a ba shi magungunan da ke danne garkuwar jiki saboda wata cuta, ya ambaci jakar. Kuma akwai abubuwan da ba a jira da su: idanu ko fitsari su sauya launi irin na ciwon shawara, zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya musamman bayan faɗuwa ko bugu, ko ƙaiƙayi da kumburin jiki da sarƙewar numfashi. Kowanne daga cikinsu, asibiti a ranar, ba gobe ba. Suna iya nufin jakar ta buɗe cikin hanyar madaciya, ko ta ruɓe, ko ta fashe. Ba kasafai hakan ke faruwa da wadda ta lafa ba, amma gara ki san su.

In har yanzu akwai kare a gidan ko wurin dabbobinku, nan ne haɗarin yaranki yake. A riƙa ba shi maganin tsutsa mai suna farazikwantel a kai a kai, aƙalla sau huɗu a shekara, a kwashe kashinsa a binne. Kada a jefa masa hanta ko huhun dabba ɗanye, musamman mai ƙuraje masu ruwa, a ƙone kayan cikin ko a binne su da zurfin da karen ba zai tono ba. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa karen da kuma kafin cin abinci. Da irin waɗannan matakan, ba da wani abin al'ajabi ba, ƙasar Aisilan ta rabu da cutar bayan ta addabe ta a ƙarni na 19, ƙasar Niyu Zilan ma ta bi sahu.

Saura kwano. 'Yar'uwa, mutum ba ya ba mutum wannan cuta, ko ta yawu, ko ta gumi, ko ta jini, ko ta kwanciyar aure. Tsutsar ba ta yin ƙwai a jikin ɗan Adam, a hanjin kare kawai take yi, abin da ke cikin mijinki kuwa a kulle yake ba shi da ƙofar fita. Ba abin da ware kwanon ya kare yaranki daga gare shi, shi kuma ya ji a ransa an mai da shi abin ƙyama a gidansa, a daidai lokacin da yake tuna yadda mahaifinsa ya ƙare. Yau da daddare ki mayar da kwanon cikin sauran, ki zuba muku abinci wuri ɗaya, ki gaya masa tsoro ne ya sa ki, kuma kin tambaya an yi miki bayani.